Saura Murya

Da yammacin Alhamis Auta ta fita sayen fankar kwamfuta. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tafin hannu ba, wadda ke cikin akwatin kwamfutar tana fifita masa ciki. Kwana uku tana gurnani kamar tsohon kare, ran nan ta tsaya cak. Auta ta kwance ta, ta bar gefen akwatin a buɗe, ta jawo fankar tebur ta saita masa iska, ta jefa matacciyar a jaka.

Kashe kwamfutar kuwa ba ya cikin zance. Shafinta na intanet a cikin akwatin nan yake zaune, ba a hannun wani kamfani ba. In akwatin ya mutu, shafi ya mutu. Babanta ne ya haɗa shi da hannunsa, guntu-guntu, tana tsaye tana miƙa masa kusoshi. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, kuma tun daga ranar ba a kashe shi ba.

Da can shafin na shirme ne irin na ɗalibai: malamin da ke karanta littafinsa a aji ya kira shi lacca, yadda ake share ƙurar kwamfuta da buroshin fenti, wace jarrabawa ce ta ci mutuncinta. Bayan rasuwar sai ta koma rubuta Baba. Duk Alhamis abu ɗaya. Takan rubuta tun farkon mako, ta sa masa lokaci, ƙarfe bakwai na yamma ya hau da kansa ko tana gida ko ba ta nan. Ta rubuta ƙamshin turarensa. Ta rubuta tarinsa, sau biyu a jere sannan gyaran maƙogwaro. Ta rubuta kafaɗarsa ta hagu da ta fi ta dama sauka, da tabon ƙuna a babban yatsansa, da takalmansa masu cinyayyen dunduniya, da yadda yake ɗora mata hannu a ka in ta yi abin kirki.

Masu karatu suka watse, don mutane akwai saurin gajiya da makokin wani. Saura mutum ɗaya. Duk rubutun da ya hau, kafin minti ya cika ma'aunin shafin zai nuna an karanta sau ɗaya. Ba sharhi, ba gaisuwa. Ta taɓa duba inda mai karatun yake, ta ga adireshin gidansu ne, sai ta ce ai na'urar ce ke ƙirga kanta, ta bar zancen.

Ba ta yi kuka ba. Dangi suna ta yaba mata dauriya, ita kuwa ta san ba dauriya ba ce. Duk ranar da rubutu ya hau, sai ta wayi gari wani wuri a ranta ya yi fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ta sake karanta na turaren bayan mako biyu, ya yi mata kyau, amma kamar labarin uban wata. Ta rufe ido ta nemi ƙamshin, babu. Bai dame ta ba. Babu ma abin da ke damunta a kwanakin nan.

Umma ce dai ta fara wasu maganganu. Wai ta ji ƙamshinsa a baranda. Wai ta ji tari daga ɗakin kwamfuta da rana tsaka, Auta tana makaranta. Auta ta ce mata kewa ce, ta riƙa fita tana ganin mutane.

Shagon mai gyara yana can ƙarshen gari, bayan rumbunan ajiyar kaya. Rabonta da wurin shekara guda. Tana shiga warin dalma da tsohuwar roba ya tare ta. Mai gyaran, wani ƙato mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, ya juya fankar a hannu ya ce wannan ai ba mutuwa ta yi ba, kashe ta aka yi da aiki, ko jaki ana sauke masa kaya. Ya tambaye ta ko har yanzu tana wanke kwamfutar kamar jaririya. Ya zaro sabuwa daga durowa, yana hura mata ƙura, ya ce ta gaishe masa da Injiniya, haka yake kiran babanta, ta kuma faɗa masa yana fushi da shi.

Ta tambaye shi fushin me.

Ya ce shekaranjiya mana. Mutumin ya zo ya tsaya nan bakin ƙofa dab da magariba, ya yi ta tsokanarsa, ya ce masa tsufa ya zo har kafaɗa ta ƙara karkacewa, amma ko uffan. Tari kawai ya yi, ya ɗaga hannu, ya juya. Turaren nan nasa kuwa sai da ya kwana a shagon.

"Mura ce ta kama masa murya?"

"Baba ya rasu," in ji Auta. "Wata takwas."

Mai gyara ya sauke tabarau na goshi ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce ta daina irin wannan wasa. Da ya ga fuskarta, sai ya zauna. Ya rantse ya gan shi, har tabon yatsa ya gani da ya ɗaga hannu. Ta tambaye shi takalma fa. Ya ce tsofaffin nan dai masu cinyayyen dunduniya.

Takalman nan ita da kanta ta bayar da su sati biyu bayan rasuwa.

Ta tsaya tana jera abin da ya lissafa. Turare. Tari. Kafaɗa. Tabo. Takalma. A jeren da ta rubuta su. Ta faɗa masa zancen shafin a taƙaice, da mai karatu ɗaya, da yadda abin da ta rubuta ke fita daga kanta. Ya kalli ƙofa.

"Wanda ya tafi ba ya dawowa, 'yata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wani abu ne ke ɗinka wa kansa riga da rubutunki. Me ya rage ba ki ba shi ba?"

Abu ɗaya ya rage mata wanda in ta rufe ido take ji da gaske: muryarsa, yana kiranta daga baranda, yana jan ƙarshen sunan. Ranar Litinin ta zauna ta rubuta shi, shafi biyu, ba ta bar komai ba. Ta sa masa lokaci.

Agogon shagon ya nuna bakwai saura ashirin da biyar.

Ta zaro waya don ta goge rubutun, sai ta tuna. Ita ce da wayonta ta kulle ƙofar shafin yadda ba mai iya taɓa komai sai daga kwamfutar gida. Har rubutu ta yi tana taƙama da wannan dabara. Ta kira Umma. Sai da ta yi ƙara shida aka ɗauka, kuma raɗa Umma take yi.

"Umma, shiga ɗakina ki zare filogin kwamfuta."

"Takalmansa na bakin ƙofa, Auta."

"Umma, ba shi ba ne."

"Yana zaune a kujerarki. Bai yi magana ba tukuna. Ina jira."

Wayar ta katse.

Ta bar sabuwar fankar a kan tebur. Mai gyara yana ƙwala mata kira ta jira ya rufe shago, ba ta waiwaya ba. Babu mota a layin rumbuna a wannan lokaci, sai dogon bango da ƙofofin ƙarfe a rufe. Ta yanke ta bayansu. Ƙarar takalmanta na dukan bango tana dawo mata, kamar mutum biyu ke gudu. Wani wuri ruwa na ɗiga daga bututu. Fitilun titi suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, suna zuzu. Abin mamaki, ba tsoro take ji ba. Lissafi kawai take: in ya samu muryar, zai kira Umma, Umma kuwa za ta amsa, ta bi shi duk inda ya ce. Ita kuma za ta wayi gari ba ta da uba ko a cikin kai.

Bakwai saura huɗu ta tura ƙofar gida.

Ba a kunna fitila ba. Ƙamshi ya cika baranda, mai nauyi, mai zaƙi, turaren da ba ta gane ba. Umma na zaune a ƙasa a bakin ɗakin, ta haɗa kai da gwiwa, kofin shayi a gefenta ya huce. Kusa da ita takalma biyu a jere.

Umma ta kama mata gefen siket. Ta fizge.

Ɗakin ya yi zafi. Warin ƙura mai ƙuna. Fankar tebur na juya kai, hagu, dama, hagu. Hasken allo kaɗai.

Yana zaune ya ba ta baya. Kafaɗar hagu a sauke. Hannuwa biyu a kan tebur, ba ya taɓa komai. A allon shafinta ne a buɗe, yana jiran sabon rubutu.

Ya yi tari sau biyu. Ya gyara maƙogwaro.

Soket ɗin yana ƙarƙashin teburin, can jikin bango, bayan ƙafafunsa.

Ta durƙusa. Ta rarrafa ta gefen kujera, kafaɗarta na gogar wandonsa. Sanyi ƙalau. A ƙarƙashin teburin ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Ta rubuta takalmansa, amma ba ta taɓa rubuta ƙafarsa ba. Ƙafafun wandon a nan suka ƙare, suna lilo, tazarar taƙi ɗaya tsakaninsu da ƙasa.

Ta zare filogin.

Allon bai mutu ba. Wani abu ya fara ƙara a gefenta, ɗil, ɗil, ɗil. Akwatin batirin da ta saka wa kwamfutar saboda ɗaukewar wuta. Minti ashirin yake riƙewa. Ita ta canja masa sabon batir watan jiya.

Hannu ya sauko mata a ka.

A hankali ya sauko, da nauyinsa, babban yatsa a kan goshinta. Ta san ta rubuta wannan. Ta jira ta ji wani abu. Ba ta ji komai ba sai sanyi yana ratsa ɗankwali.

Daga sama aka yi magana. Ba murya, iska ce zalla, kamar ana sace taya.

"Saura kaɗan."

"Auta," Umma ta raɗa daga bakin ƙofa. "Bari in ji shi. Sau ɗaya tak."

Auta ta tsaya. Minti ɗaya kawai, ita ma za ta ji. A kunne, ba a kai ba. Zai ja ƙarshen sunan.

Yatsun suka fara matsewa.

Gefen akwatin kwamfutar a buɗe yake kamar yadda ta bar shi, dab da fuskarta. Ta san cikinsa ko a duhu. Ta cusa hannu, ƙarfe mai zafi ya ɗauke mata fatar yatsu, ta laluba ta kama wayoyin faifan ajiya, inda shafin yake gaba ɗaya, ta fizge da duk ƙarfinta.

Wani abu ya yi ƙas. Tartsatsi. Hannunta ya mutu har gwiwar hannu.

Yatsun suka damƙe ɗankwalin har da gashinta suka ja sama, har kanta ya bugi katakon tebur. Iska ta yi huci a kunnenta, doguwa, ba kalma a ciki.

Sai nauyin ya tafi.

Kujera ta juya a hankali, ba kowa. Ƙura ta riƙa sauka a kan wuyanta, mai laushi, mai ɗumi. Allon ya daskare a kan bakwai saura minti ɗaya. Batirin na ta ɗil, ɗil, har mai gyara ya iso yana haki ya kashe shi.

Faifan bai sake tashi ba. Mai gyara ya gwada shi a na'ura uku, ya ce ya ƙone, kuma ko da bai ƙone ba shi ba zai tashe shi ba. Yatsunta biyu suka warke da tabo. Abubuwan da suka hau shafin ba su dawo mata ba, ko ɗaya. Muryar tana nan.

Umma ta yi kwana tara ba ta ce mata ko sannu ba. Takan ajiye mata abinci ta wuce. A rana ta goma Auta na wanke kofuna, Umma ta tsaya a bayanta, ta ce wai ta san babanta tsoron kyankyaso yake yi? Auta ta ce ba ta sani ba. Umma ta ce ƙato da shi, ya taɓa hawa kan gado da takalmi yana kiranta ta kawo tsintsiya. Ta ba da labarin har ƙarshe, ta kwaikwayi yadda ya tattare wando, ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya.

Auta ta saurara kamar ana ba ta labarin baƙo. Baƙon dai ya burge ta.

"Ki rubuta a wani wuri," in ji Umma, "kada ki manta."

Auta ta kife kofin, ta goge hannu.

"A'a, Umma. In na manta, ki sake faɗa min."