Rabin Albashin Dzarma

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai na fasa shi!"

Ba'ana ne, ogan ɓarayin, ya banke ƙofar gidan burodin Hajja Kaltum da ke unguwar Bolori, bindiga a hannu. Hantsi ne, Juma'ar ƙarshen wata, ranar biyan albashi. Ma'aikata na jere a benci, akawu Florence na kan tebur da ambulan-ambulan, kowace da sunan mai ita. A gidan nan haka ake yi: a kira sunanka, ka dangwala yatsa a tawada, ka karɓi taka.

Nan take aka zube ƙasa kamar buhunan fulawa.

A bayan Ba'ana akwai wani ya naɗe fuska da rawani, riƙe da adda. Dzarma ke nan, kuma shi ya kawo aikin. Ya daɗe yana gasa burodi a gidan, har ranar da ya zo a buge ya ƙona gashin safe kaf. Hajja ta ce masa, "Je ka gida, sai ka gyara halinka." Gogan naku ya ɗauka kora ce, ya yi zuciya, bai sake taka unguwar ba. A wata mashaya a unguwar Bulumkutu ya zayyana wa Ba'ana komai: ranar biya, ƙofar da ba a kullewa, lokacin da maigadi ke tafiya wanka don masallaci. Kai, mutum dai ba shi da kirki in ya ga dama.

"Kwashe, dalla! Kana jiran a yi maka kiɗa ne?" in ji Ba'ana.

Dzarma ya share teburin cikin buhu.

"Waccan ta ɓoye ɗaya a zani," in ji Ba'ana. "Karɓo."

Matar na kife, ta rufe kai da gyale. Dzarma ya durƙusa ya murɗe mata hannu. Yatsanta ɗanye da tawada. Ta juyo don zafi, idonta ya sauka kan tabon ƙunar da ke wuyan hannunsa.

Naomi ce. Matarsa.

"Baban Phoebe?" ta ce a hankali.

Ya cafki ambulan ɗin.

"Naka ne ai," ta ce, tana sakar masa ambulan ɗin. "Rabin albashinka. Hajja ke ba ni duk wata. Da shi kake cin tuwo."

"Wace hira ce wannan?" Ba'ana ya taho. Gindin bindiga — tim! — a kunnenta. Ta kife.

Dzarma na tsaye, adda a hannunsa. Bai ɗaga ba. Wallahi ko tari bai yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin.

"Mota! Mota!" in ji Ba'ana.

Suka faɗa wata Fijo da ke jiransu a waje, direba ya taka ta, suka miƙe hanyar Damboa.

Ba a jima ba Sajan Alfred ya iso gidan burodin da 'yan sanda biyu. Hajja Kaltum na zaune a ƙasa, ta ɗora kan Naomi a cinyarta tana tare jinin da mayafi.

"Hajja, wannan aikin na gida ne. Kin kori wani kwanan nan?"

"Ni ba na kora, Sajan. Mai laifi nakan tura shi gida, in riƙa ba iyalinsa rabi har ya dawo hankalinsa. Yara ba su yi mini laifi ba."

Sajan ya sunkuya. "Madam, an ce kin yi magana da ɗayansu. Kin san shi?"

Naomi ta rufe ido, ta kawar da kai. Florence ce ta ce ta ga Fijo fara ta bi hanyar Damboa, Sajan ya ce a tada mota.

Can cikin Fijo kuwa, da suka bar gari Ba'ana ya juyo wajen Dzarma.

"Kai, wace ce matar nan?"

"Ban san ta ba, oga."

"Ba ka san ta ba take ce maka baban wance? Shege, ka kai mu gidan da matarka ke karɓar albashi?"

"Wallahi ban sani ba. Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Don ta san za ka shanye ne. Tsaya nan, direba."

"Oga, don Allah—"

Ƙarar bindiga ɗaya, a cinyar Dzarma. Suka tunkuɗa shi bakin hanya. Ba'ana ya laluba buhu, ya jefa masa ambulan ɗin a ƙirji.

"Ga haƙƙinka. Mu ba ma cin guminka."

A nan Sajan Alfred ya tsince shi, ya ɗaure masa ƙafar da rawanin nasa, aka jefa shi bayan mota.

"Sajan, ka kai ni caji ofis. Ka kai ni kurkuku. Ko'ina, ban da gidan burodin," in ji Dzarma.

"Can za mu fara zuwa. Sai sun shaida ka."

Aka sauke shi a tsakar gidan burodin, fuska a buɗe. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya da shi suka kewaye shi. Da sun zage shi ma da ya ji sauƙi. Kallonsa kawai suke yi. Kunya ta kama shi har ya fi jin ta a kan harsashin, ya cusa fuska cikin ƙasa.

"Hajja, kin san wannan?"

"Ma'aikacina ne," in ji Hajja. "Ina ta jiran ya dawo."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Ma'aikata suka shiga sabon wata hannu wofi, sai da Hajja ta sayar da motar raba burodi ta biya su. Kunnen Naomi na hagu bai ƙara ji ba. Ba'ana da direba aka ce sun tsallaka Chadi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Dzarma kaɗai ya tsaya gaban kotun 'yan fashi, kuma a wancan lokacin kowa ya san hukuncinta: kisa.

Amma tun a ranar fashin, kafin a mayar da Dzarma mota, Naomi ta miƙe tana dafe da bango. Ba ta dube shi ba.

"Hajja, na gode da abin da kika yi mana," ta ce. "Ki cire sunansa. Ba zan ƙara zuwa karɓa ba."