Ɓerayen Tanimu

Ku matso kusa. Kada wanda ya waiga.

Tanimu ma'aikaci ne a ɗakin gwajin magunguna na wata jami'a. Aikinsa ɗura wa fararen ɓeraye ruwan saiwa da sassaƙe, a ga ko da guba a ciki. In sun mutu, a zubar da maganin. In sun rayu, a ci gaba da bincike.

Innarsa tana kwance a ƙauye, ciwon hanta ya ci ƙarfinta. Da ya ji ana yabon ɓawon wani tsohon gamji a bakin kwari, sai ya saɓi gatari ya tafi shi kaɗai. Ko yaro ya san ba a saran irin wannan itace sai an yi sallama, an zuba gero a gindinsa. Tanimu kuwa boko ya hau masa kai. Ya sara, ya cika buhu.

Ya jiƙa, ya tace, ya ɗura wa ɓeraye. Ko atishawa ba su yi ba. Ya ƙara ƙarfin maganin, sai ma ƙiba suke yi. Murna ta hana shi jiran sauran gwaji. Ya cika gora ya ba direban garinsu, ya ce Inna ta sha bayan magariba.

Da magaribar ya je rufe ɗakin dabbobi. Shiru. Ga wata tsohuwa tsugune gaban keji, kafaɗarta da sabon sara, farin ruwa na tsiyaya.

"Iya, wa ya buɗe miki?"

"Ni wa ya yi min sallama?"

Muryar kamar daga cikin rijiya. Ya dubi ƙafafunta. Kofato.

"Waɗannan ba su yi min komai ba," ta ce. "Shi ya sa na riƙe musu dafin. Yanzu na gaji."

Ta buɗe tafinta. Ɓerayen suka soma faɗuwa, ɗaya bayan ɗaya.

"Iya, don Allah! Uwata..."

"Hannuna bai kai garinku ba, ɗan nan."

Ya fita a guje yana kiran wayar ƙanwarsa. Ta ƙi shiga. Ya sake, ya sake. Da ƙyar aka ɗauka.

"Yaya! Inna ta shanye tas. Ga ta nan tana ta sa maka albarka."

Nan ya durƙushe a kan hanya, wayar na kunnensa. Wallahi har yau tausayinsa nake ji.

Kwarin nan dai, kada ɗayanku ya kuskura ya bi shi shi kaɗai.