Garin da Ba a Surfa Ba

"Ku mayar da su inda kuka ɗauko!"

Abin da na fara faɗa ke nan da na fito na tarar da mota a ƙofar gidanmu, ana sauke kaya kamar an kawo wa 'yan gobara agaji. Buhun farin gari biyu, daskararrun kaji cikin leda, jarkar mai, shinkafa, har da wasu tumatir guda shida kwance a faranti an lulluɓe su kamar marasa lafiya.

Katongo ya fito daga mota yana murmushin nan nasa da ya saba kashe mini jiki.

"Lombe, masoyiyata, sassauta murya mana. Maƙwabta na kallonmu."

"Su kalla! Ai yau sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Ango ya kawo wa gidan amarya abincin da za a kai masa!"

"Taimako ne kawai..."

"Wa ya ce maka muna bara?"

Saura kwana shida a yi bikin nuna wuta. A wajenmu, mu ƙabilar Bemba, kafin aure dangin amarya ke dafa duk abincin da 'yarsu ta tashi tana ci, su ɗora a ka, su kai wa ango har gida. Ranar da ya ci, ya zama ɗan gida. Ko gishiri ba a karɓa daga hannun ango, don karɓarsa daidai yake da cewa gidanku bai iya ciyar da ku ba. Katongo ya san wannan sarai. Karatun da ya yi bai kai ya mantar da shi ba.

Mama na tsaye a bakin ƙofa da zaren ɗinki maƙale a zaninta. Ta juya ta koma ciki. Wannan juyawar tata ta fi mari zafi a gare ni.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba. Mama na ɗinka kayan makaranta, ni ina tsaron kantin magani, mu shida har da ƙannena huɗu muke ci a tukunya ɗaya a unguwarmu Chawama. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba sa'a ba ce. Mu da maƙwabta huɗu muke haɗa kuɗi mu sayi masara buhu-buhu lokacin kaka, mu kai inji a niƙa mana ba surfe, don ta fi auki kuma ta fi riƙe ciki. Tumatir sai da yamma nake saye a kasuwar Soweto, lokacin da masu kaya suka gaji suna son tafiya gida. Ganyen kabewa da damina muke shanya shi, mu ci har rani ya fita. Shekara guda cur Mama ta yi tana tanadin bikin nan, busasshen naman kaza irin mai tsirowa a daji, gyaɗa, ƙananan kifi, da kajin gida takwas da ta hana mu ko kallonsu ranar Kirsimeti.

"Faɗa mini gaskiya," na ce da shi. "Kai ka sayo, ko Anti Musonda ta aiko ka?"

Ya sosa ƙeya.

"Kin san yadda Yaya take... Ta gayyaci mutane. Manyan mutane, Lombe. Ta ce kada a kawo wannan jan tuwon a gabansu."

"Jan tuwon da ya raine ni?"

"Ba haka nake nufi ba!"

Anti Musonda yayarsa ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta biya masa makaranta, kuma ba ta barin rana ta faɗi ba ta tuna masa ba. Sau ɗaya na je gidanta a Kabulonga, unguwar masu kuɗi. A gabana mai aikinta ta juye rabin tukunyar shinkafa a shara, wai ta kwana. Aka buɗe firji, na hango kabeji ya ruɓe a cikin ledarsa da takardar farashi a jiki. Ta dube ni tun daga takalmi har ɗankwali.

"A ina kuke cefane, 'yar nan?"

"Soweto, Anti."

"Cikin taɓon nan? Kai! Shi ya sa na ji wani wari-wari. Garin fa? Kada dai ki ce mini na inji."

"Na inji ne."

Ta yi dariya har da dafa ƙirji.

"Mu nan kaji muke ba wa wannan!"

Na sunkuyar da kai kamar mai kunya. A raina kuwa kallon banza nake mata. Mace ta kai shekara arba'in ba ta san lokacin da tumatir ke araha ba, ba ta iya taya kaya ba, a ce mata kuɗin abu kwaca ɗari ne ta miƙa ɗari, sannan tana ganin wayewa ce. Ko ƙanwata 'yar shekara tara ba za a yi wa wannan cutar ba.

Amma ƙanenta nake so. Ina son sa har ƙasan zuciyata, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu yana tsayawa a ƙofar kantinmu yana sayen maganin ciwon kan da ba ya damunsa. Ranar da Mama ta kwanta asibiti, shi ya wuni a benci yana riƙe da jakarta.

Ranar nan dai ya kwashe kayansa, amma ya bar buhu ɗaya jingine da bango.

"Don Allah, zuciyata. Garin kawai. Rana ɗaya ce."

"Idan na tuƙa namu fa?"

Ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa.

"Ko me kika tuƙa zan ci. Na rantse miki."

Ranar Asabar tsakar gidanmu ta cika da mata da hayaƙi. Komai su suka dafa, amma tuwo na amarya ne, ita ke tuƙawa da hannunta. Ruwa na tafasa Mama ta ja ni gefe, ta nuna mini buhun Katongo.

"Lombe, idan farin garin nan ne zai riƙe miki aure, buɗe shi. Ni na riga na tsufa, kunya ba za ta kashe ni ba."

"Mama..."

"Yaron kirki ne. Kada ki rasa shi saboda ni."

Na dubi hannuwanta, duk allura ta huhhuda yatsun. Wai wannan matar ce za ta ɓoye abincin da ta raine mu da shi don kada wata mai farcen roba ta yatsina fuska. Na ɗauko garinmu na zuba. Na tuƙa har kafaɗata ta yi ciwo, mata na guɗa, tuwon ya fito jaja-jaja yana ƙamshin masara.

Gwaggo Nkole, yayar Baba, ita ce uwar biki. Ta sa aka naɗe kwanuka da tukwane cikin zannuwa, mata talatin suka ɗora a ka, masu ganga a gaba, suka shiga motar haya suna waƙa. Amarya da uwarta ba sa zuwa. Muka zauna ni da Mama muna jira, ita tana share tokar murhu, ni ina leƙen titi.

Ƙarfe uku suka dawo. Ba ganga, ba guɗa.

Gwaggo ta sauke babbar tukunyar a gabana da kanta, ta kwance zanin. Tuwona na nan yadda na kwashe shi, sai gurbin loma ɗaya a gefe.

"Gwaggo, me ya faru?"

"Zauna tukuna."

"A tsaye zan ji!"

Ta ja numfashi.

"Mun shiga da rarrafe kamar yadda ake yi. Na kwance ƙullin zanin da haƙorana, na wanke masa hannu. Ina buɗe tukunyar nan sai yayarsa ta toshe hanci. Ta ce wa baƙinta, ku zo ku ga abincin kaji! Suka kwashe da dariya, har da masu ɗaukar hoto a waya."

"Shi fa? Katongo fa?"

"Na gutsuro loma na dangwala miya na kai bakinsa. Ya dubi lomar, ya dubi yayarsa..."

"Ya ci?"

"Ya ce cikinsa na ciwo tun safe."

Sai a lokacin na zauna.

"Sau uku na miƙa masa, Lombe. Shekara talatin ina kai abincin 'ya'yan mutane, ban taɓa dawowa da loma a hannu ba. Kajin kuwa sun karɓe. Baƙin nata har faɗa suke a kan cinya."

Mama ta ci gaba da share tokar da ta riga ta share.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga motarsa. Ya shigo a guje, rigar bikin na jikinsa, ya zube a gaban Mama.

"Mama, ki yafe mini! Gwaggo, ki yafe mini! Kaina ne ya ɗaure... Yaya ta riƙe ni tun ina ƙarami, ban iya kunyata ta gaban mutanenta ba."

"Mu ka iya kunyata mu," in ji Gwaggo.

Ya juyo wajena idanunsa jawur.

"Lombe, abin ƙaunata, tuwo ne fa kawai! Za mu bari tuwo ya raba mu?"

Ina kallonsa zuciyata na karkata, don har a lokacin son sa nake. Da ya ƙara kalma biyu masu daɗi, wataƙila da na faɗa jikinsa.

Mama ta tashi. Ta yanko tuwon ta ɗumama, ta zuba miyar ganyen kabewa da gyaɗa, ta kawo ruwan wanke hannu. Ta durƙusa, ita da ta haife ni, ta ajiye a gabansa.

"Ci, ɗana. Ka wuni da yunwa."

Ya wanke hannu. Kafin ya kai loma baki sai na ga ya waiga ya dubi ƙofar gida. A rufe take. Sannan ya fara ci.

Ya ci kamar wanda ya dawo daga gona. Loma na bin loma, miya har gwiwar hannu, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Kai, Mama! Rabona da tuwo irin wannan tun kakarmu na da rai. Na kanti ai ba ya da ɗanɗano..."

Gwaggo ta fara murmushi. Mama ma ta dube ni, idonta na cewa shi ke nan, an shirya.

Ni kuwa a nan komai ya mutu. Da ƙyamar tuwon yake yi tsakani da Allah, da na yi masa uzuri, na ce bai saba ba. Ashe yana so. Yana so, amma sai an rufe ƙofa.

"Cikin ya warke?" na tambaye shi.

Hannunsa ya tsaya a kwano.

"Lombe..."

"Na ga har ka suɗe. Haka za ka yi da ni, ko? A ɗaka ni ce zuciyarka, a falon Anti Musonda ni ce mai warin kasuwa. Ranar da ta toshe hanci a kan 'ya'yana, su ma ciwon ciki za ka yi?"

"Ba zai sake faruwa ba! Zan yi mata magana!"

"Yau ce ranar maganar, Katongo. Loma ɗaya aka roƙe ka."

"Lombe, ki yi tunani," in ji Mama.

"Na yi, Mama. Tun ƙarfe uku nake yi."

Na zare zoben baikon da ya saka mini. Ya ƙi fita da sauƙi, sai da na murɗa ya kankare mini fata. Hannunsa duk miya ne, don haka na saka masa a aljihun riga.

"Ka ɗauki buhunka a bakin ƙofa. Ba mu taɓa shi ba."

Ya yi kuka, ya kira sunana ya fi sau goma. Ban juyo ba, don na san idan na juyo na faɗi. Sai da na ji ƙarar motarsa ta ɓace sannan na juyo. Na zube a jikin Mama ina kuka kamar raina zai fita, ita ma tana yi, tana shafa bayana da yatsun nan nata masu kaushi.

Da muka gaji, ta share ido da bakin zani ta dubi tukunyar.

"Wannan zai kai mu Talata," ta ce. "Kira ƙannenki."

Muka zauna a tabarma mu shida, Gwaggo ta bakwai. Na gutsuri tuwon aurena na kai baki, hawaye na gangarowa cikin miya. Ya yi daɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, na iya tuƙi.