Kwarin da Wada Ya Toshe

Kowa a gefen Gadarif ya san kwarin nan da ruwan damina ke bi. Wada, wanda ya gaji da yankan riɗi a gonakin mutane, shi ya kama wurin don ya gina gidajen sayarwa.

Muhandisa Samah, wata injiniya, ta gargaɗe shi: "Ammu Wada, bar wa ruwa hanyarsa. A ja magudana, a haƙa hafir, wato tafki, ya tara shi."

"Magudanar ta cinye min rabin fili? Halas, a bar maganar!"

Da rana tsaka ya hau duwatsun Ƙala'at an-Nahal wajen wani boka. A kogon akwai tuluna jere, bakinsu liƙe da baƙin taɓo, ana jin abu na motsi a ciki.

"Ya zol, kwari kake so in ɗaure?" in ji bokan. "Kawo ruwan randar da iyalinka ke sha."

"Me zai same su?"

"Ka zo neman dukiya ko tambaya?"

Wada ya kawo. Bokan ya yanka baƙin bunsuru a kan tulu, jini ya gauraya da ruwan, ya liƙe bakin. "Binne shi a bakin kwarin, ka yi gini a kai."

Wada ya binne tulun, ya gina gidajensa. Damina ta zo, unguwar Wada ko danshi babu. Gidaje suka ƙare kamar rabo, ya sayi tarakta da mota.

Ruwan fa bai ɓace ba. Wata rana da hantsi 'yarsa Israa na tankaɗe a tsakar gida, sai ta faɗi tana shure-shure, baƙin taɓo na ɓulɓulowa daga hancinta da bakinta har cikinta ya tsage. Da damina ta zagayo, haka ƙanenta ya tafi. Uwarsu Batoul ta zauce, tana tonon siminti da hannu har faratanta suka cire, tana ihu, "Malam, buɗe wa ruwan nan hanya! Yana cikin ƙirjina!"

Wada ya ɗauki diga ya fasa ginin, ya sari tulun.

Ruwan duk daminun da aka ɗaure ya taso lokaci guda. Ya karya katangu, ya kwashe gidajen bayin Allah da suka saya. An tsinci Wada nannaɗe da waya a can ƙasan kwarin, kansa a fashe.

Batoul na nan tana yawo, tana tone kowace magudana da ta gani a toshe. Kai da kwaɗayi ke zuga ka ka cike kwari, je ka dube ta tukuna.