Babban Bututun Lazar

Rana ta yi ja a kan rufin gidajen Gujranwala, hayaƙin girki ya kwanta a lungu, Lazar kafinta yana tsakar gida yana goge bututu na ƙarshe. Shekara biyu ke nan yana haɗa wa ƙaramar cocinsu ogan, abin kiɗan nan mai zugazugi da bututai. Komai da hannunsa ya yi, tun daga akwatin iska har siraran sandunan da ke tashi daga madannai su buɗe wa kowane bututu ƙofarsa. 'Yarsa Salomi ce mai yanka fatar ƙofofin, ita ce kuma mai kunnen daidaita muryoyi.

Wannan na ƙarshe, na madannin farko na hagu, ya fi mutum tsawo. Katakonsa daga wata tsohuwar bishiya ya fito, wadda ta faɗi a bayan matoyar bulo.

Jingine shi da bango ke da wuya, sai bututun ya yi nishi. Babu zugazugi a jikinsa, ko ganye ba ya motsi. Resham, matar Lazar, ta saki gurasar da ke hannunta cikin toka. Sai dutse ya faɗo a tsakiyarsu, da zafinsa. Wani dutsen ya biyo.

Kwana shida ana haka, kullum da faɗuwar rana. A na bakwai Salomi ta zauna gaban bututun, ta ƙi ci, ta ƙi amsa sunanta. Da ta buɗe baki, wannan nishin ne ya fito. Fasto ya zo ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, yarinya sai ramewa take.

"Zan kira Hafiz Ilam Din," in ji Resham.

"Me mutanen coci za su ce?" in ji Lazar.

"Su faɗa. 'Yarsu ce?"

Tsohon malamin ya iso bayan sallar magariba. Ya sa turare a garwashi, ya riƙe ƙaramin yatsan Salomi, ya daɗe yana karatu. Can ta ɗago kai, idanunta a juye.

"Wane ne kai?" in ji Hafiz.

"Na girmi kakanka," wata murya mai kauri ta amsa daga bakinta.

"Ba shekarunka na tambaya ba. Me yarinya ta yi maka?"

"Ubanta ya tsaga ɗakina, ya rarake shi, yana shirin hura mini iska kowace Lahadi. Ya ɗauki nawa, na ɗauki nasa."

Lazar ya ce, "Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"A ƙone abin duka," in ji muryar.

"Ka yi zari," Hafiz ya ce. "Bututu ɗaya ne naka. A mayar maka da shi inda aka ɗauko, ka fita."

Muryar ta kafa sharaɗi.

"Kada ya sake sassaƙa wani mai irin muryarsa."

Lazar ya dubi aikinsa, ya dubi wuyan 'yarsa da ya zama kamar kara. "Na yarda."

Salomi ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da safe Lazar ya saɓa bututun shi kaɗai, ya kai shi bayan matoya, ya ajiye, bai waiwaya ba.

Ranar bikin Ista ogan ya yi kiɗa, coci ta cika har bakin ƙofa. Bayan an tashi, fasto ya taɓa madannin farko na hagu, ya ji an kafe shi da ƙusa.

"Wannan fa, Lazar?"

"Katako ne ya ƙare," ya ce, ya kama hannun Salomi suka fita.