Kwafi Lamba Ɗaya

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin aka kira ofishin 'yan sanda na Fremantle aka ce an yi sata. Mai kiran bai faɗi abin da aka sace ba sai da ya gama faɗin sunansa, kuma sunan ya ɗauki lokaci: Dakta Crispin Aldersey, Shugaban Hangen Nesa na kamfanin wasannin Marlock.

Insfekta Noeleen Marinich ta tafi da Saje Huy Tran. Wurin da Dakta ya kira hedikwata ɗaki uku ne a saman shagon soya kifi da dankali. Tun daga matakala mutum yake fara ƙamshin mai.

"Dakta na me?" Saje ya tambaya a hankali.

"Kada ka tambaya, zai faɗa."

Sun same shi a bayan tebur, da gemu gyararre da wata kwamfutar cinya mai walƙiya ja da kore kamar motar kashe gobara. Ya nuna musu akwatin ƙarfe a bango, a buɗe.

"Faifan ajiya ne, bai fi akwatin ashana ba. A cikinsa akwai wasanmu na tuƙin jirgin ƙasa, tsirara, babu kwaɗo. Shi kaɗai ne a duniya. Ranar Asabar sai ga wasan a intanet, kowane ɓarawo yana kwasa kyauta."

"Wane kwaɗo?"

Dakta ya gyara zama. Ya yi bayani na minti goma, amma ga abin da ya faɗa: wanda ya sayi wasan, duk lokacin da zai buɗe sai wasan ya gaida babbar kwamfutar kamfanin ta intanet, ta amsa, sannan ya buɗe. Kuma kwafi ɗaya sau uku kawai ake ɗora shi. Ka sauya kwamfuta ko ka sauya mata wani ƙarfe, an ƙirga ɗaya. Na huɗu, ƙofa ta rufe.

"Wanda ya biya kuɗinsa fa?"

"Shi aka yi wa. Kariya ce gare shi."

"Ba ta da sassauci?"

"Ko mahaifiyata ce. Ni na tsara haka. Ni ma a ƙarƙashinta nake. Kwafina lamba ɗaya ne, sifili uku da ɗaya, kuma kullum da safe sai na tuƙa jirgi kafin na sha kofi."

Insfekta ta duba akwatin. Babu karce, babu lanƙwasa.

"Su wa suka san lambar buɗewa?"

"Ni, sai Mele Fifita, yarinyar da ke amsa ƙorafi. Takardun ofis take ajiyewa a ciki." Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Ba na son zargi. Amma yayanta yana aikin ma'adinai a Pilbara, sati biyu a daji sati ɗaya a gida. Ya sayi wasan, can kuma babu sabis. Ta taɓa miƙewa a taro ta ce muna cutar masu saye. A gabana. Ni da na sa hannu a bizarta."

"Kwamfutar nan sabuwa ce?"

Fuskarsa ta washe. "Sati biyu. Uku ne kawai irinta a jihar nan."

Mele tana ƙaramin ɗakin da ke kusa da banɗaki. 'Yar Tonga ce, ba ta wuce ashirin da biyar ba, ta riga ta zuba kofinta da hoton iyayenta a kwali.

"Wa ya ce ki tattara kaya?"

"Ba wanda ya ce, ranki ya daɗe. Na dai iya karanta fuska."

"Kin ɗauki faifan?"

"A'a."

"Kin so ki ɗauka?"

"Kullum."

Saje ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ita Mele ba wasa take ba. Bizarta a hannun kamfanin take. Idan aka caje ta da sata, aiki ya tafi, biza ta bi shi, sai jirgin komawa Nuku'alofa, babban birnin Tonga.

"Yayanki yana buga wasan yanzu?"

"Siaosi? Ya ce ba zai taɓa na sata ba, kada a ce ni na ba shi. Yana can yana kallon kwalin."

Insfekta ta jawo kujera. "Nuna min ƙorafin."

Wasiƙu sun fi dubu biyu. Mai cewa yana gonar tumaki, sai ya hau tankin ruwa yake samun sabis. Mai cewa wasan ya rufe masa yana tsakiyar tafiya saboda ruwan sama. Amsa kuwa iri ɗaya ce ga kowa, Dakta ne ya rubuta ta da kansa, Mele dannawa kawai take: "Muna ba ka haƙuri. Tsarinmu bai san fuska ba. Muna shawartarka ka sayi wani kwafin."

"Wa ya fi damunki?"

"Baba Stan. Stan Dudek, mai gyaran kwamfuta a Hamilton Hill. Wasiƙa arba'in da ɗaya. Har 'yar nan yake ce min."

"Ta ƙarshe yaushe?"

Mele ta duba. Ta sake dubawa. "Kwana goma sha biyu ke nan. Ban ma lura ba."

"Mutumin da ya yi ihu sau arba'in da ɗaya, in ya yi shiru, ko ya mutu ko ya ƙoshi," in ji Insfekta. "Wani abu kuma. Kina iya ganin ranar da kowane kwafi ya gaida babbar kwamfuta?"

"Eh."

"Duba min lamba ɗaya."

Hannun Mele ya tsaya a kan tebur. "Ba ya nuna na ma'aikata."

"Ga sunanki can a layi na shida, ƙanwata. Da gaisuwarki ta Juma'a."

Mele ta kalli ƙofa. Sannan ta danna. Kwafi lamba ɗaya, an ɗora sau uku, an rufe. Rabonsa da gaisuwa sati biyar.

"Ba ki yi mamaki ba."

"Ranki ya daɗe, shi ya sa hannu a bizata."

"Na ji. Shi ma ya faɗa min. Me kika sani?"

Mele ta koma kan kwamfutar. Ta nemo wata wasiƙa, ta juyo da fuskar kwamfutar, ta naɗe hannu. Insfekta ta karanta, ta sa aka buga mata a takarda, ta ninke ta sa a aljihu.

Shagon Baba Stan garejin gidansa ne. Kwamfutoci a jibge har rufi, kyanwa tana barci a kan guda. Tsohon ya kai saba'in, da gajeren wando da safa har gwiwa.

"Wasan jirgin ƙasa? Ban san shi ba."

"Wasiƙa arba'in da ɗaya ka rubuta a kansa, Baba."

"To na manta shi."

"Ga shi can yana tafiya a bayanka," in ji Saje.

Baba Stan ya waiga ya kalli jirgin da ke ratsa jan daji a fuskar kwamfuta, kamar shi ma yanzu ya fara ganinsa. Sai ya zauna.

"Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa na gaske. Ba wanda ya taɓa ce min sai na yi sallama kafin na tada inji. Na sayi wasan nan dala tamanin da tara, da kuɗin fanshona. Ni mai gyara ne, hannuna ba ya zama. Na sauya ƙarfe sau uku, suka ce ni ɓarawo ne. Ɓarayin gaske kuwa suna ta tuƙi."

"Ina ka samu marar kwaɗo?"

"A bakin titi."

Ga mu 'yan birnin Perth, wannan ba ƙarya ba ce. Makon fitar da tarkace, kowa ya jibge abin da ya gaji da shi a gaban gida kafin motar ƙaramar hukuma ta zo, mu kuma sauran mu zagaya a hankali muna yi kamar mun ɓata hanya. Kujerar da Insfekta ke zama a kai a ofis ma can ta fito.

"Wace unguwa?"

"Cottesloe mana. Wa zai ɓata mai a Hamilton Hill? A nan in mun yar da abu, ya mutu da gaske. Masu kuɗi ne ke yar da mai rai." Ya jawo wata kwamfutar cinya daga ƙarƙashin tebur. "Kofi aka zuba mata. Kofi kawai! Na shanya ta, na sauya abu ɗaya, ta tashi. Ina dubawa sai ga wasana, babu gaisuwa, babu jira. Har gudu ya fi yi. Na yi kwana goma ina tuƙi. Ranar Asabar na tuna da mutumin tankin ruwa da ire-irensa masu kuka a intanet, na ce su ma su ɗana."

"Ka san laifi ne ka saka shi a intanet?"

"Na sani, 'yata. Ki rubuto min wasiƙa, zan ba ki haƙuri."

"Za mu dawo kanka. Ka tuna gidan?"

"Ba sai na tuna ba." Ya kunna ta. Hoton mutum ya cika fuskar, da gemu gyararre, ya tallafe haɓa yana hangen teku.

"Lallai kam yana hangen nesa," in ji Saje.

Ƙarfe uku suka koma hedikwatar Dakta. A matakala Insfekta ta raɗa wa Saje magana, ya tsaya wajen ƙaramin akwatin intanet da ke bayan injin kofi. Ita ta shiga wurin Dakta, ta kira Mele ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kin zo tafiya da ita?" Dakta ya tambaya. "Ina roƙo a bi da ita ta ƙofar baya. Mu kamar iyali muke."

"Saura kaɗan. Rahoto zan rubuta, kuma ban taɓa ganin wasan ba. Ko za ka nuna min? Da kwafin nan naka mai daraja."

Bai iya ƙi ba. Ya buɗe kwamfutar mai walƙiya, ya danna. Nan take jirgi ya yi kuwwa, ja da kore suna ta rawa a kan tebur.

"Kin ga sauri? Masu cewa kwaɗo yana rage gudu jahilai ne."

"Ya gaida babbar kwamfuta ke nan?"

"Cikin ƙiftawar ido."

"Saje!"

Saje ya leƙo riƙe da baƙar wayar akwatin intanet a hannu. "Minti huɗu ke nan da na zare intanet, ranki ya daɗe."

Jirgin ya ci gaba da tafiya.

"Wannan wani tsari ne na musamman na shugabanni," in ji Dakta.

"Ko mahaifiyarka ce, ka ce." Insfekta ta warware takardar aljihunta. "Wannan ƙorafi ne na sati biyar da suka wuce, daga wani Barry na Kalgoorlie. Ya ce shi talaka ne mai son kamfaninku, ya sayi kwamfuta ta huɗu wasan ya ƙi hawa, a taimaka masa a asirce. Fom ɗin ƙorafi ba ya tafiya sai an cika lambar kwafi, kai ka tsara haka. Barry ya cika sifili uku da ɗaya."

Dakta ya juya ya kalli Mele. "Kin san ni ne."

"Na sani, yallaɓai."

"Kuma kika turo min waccan amsar?"

"Ita kaɗai ka ba ni."

Saje ya ajiye kwamfutar Baba Stan a kan tebur, ya kunna. Dakta ya kalli kansa yana hangen teku. Gemun gaske ya fara rawa.

"Wasana ne," ya ce. "Ni na kawo shi duniya, ya rufe min ƙofa. Kamfanin da ya ƙera mana kwaɗon ya ce sai na rubuta a hukumance, da sa hannun masu hannun jarinmu na Sydney. In rubuta in ce me? Shugaba ya kulle kansa a waje? Aron faifan kawai na yi. Sai kofi ya zube wa kwamfutar. Na ɗauka ta mutu. Matata ce ta ce a fitar da ita tare da tsohuwar tabarmar motsa jiki."

"Ina faifan?"

"A mota. Cikin gidan tabarau."

"Da wasan ya fita fa?"

"Sydney za su tambaya. Dole a samu wanda za a ɗora wa." Bai kalli ƙofa ba. "Ita ai ta riga ta yi magana a taro."

"Da ta koma Tonga ke nan."

"Da na rubuta mata takardar shaida mai kyau."

Insfekta ta gaya masa an kama shi da laifin kawo rahoton ƙarya da ɗora wa wata laifin da ba ta yi ba. Saje ya karɓi makullin motar. Mele ta koma ɗakinta, ta fara ciro kofinta daga kwali.

A saman matakala Dakta ya tsaya. A ƙasa layin masu sayen kifi ya kai bakin titi.

"Insfekta, mu yi maganar manya. Mutum irina, a gaban waɗannan? Akwai ƙofar baya. A yi min sassauci sau ɗaya."

Insfekta ta juya takardar Barry, inda amsar kamfanin take, ta karanta masa ba gaggawa.

"Muna ba ka haƙuri. Tsarinmu bai san fuska ba."

Ta ninke, ta nuna masa ƙofar gaba.