Ragowar Shayi a Bakin Tafki

Maigidana ya kai iyalinsa birnin Janeba, can ƙasar Turawa, yawon buɗe ido, ni kuwa direba na ƙare a ɗaukar kaya. Ranar ƙarshe da magariba, a gajiye, na juye ragowar shayin fulas da zafinsa a bakin tafki. Ko bisimilla ban yi ba.

Da muka dawo Doha, inda muke zaune, ina rufe gareji bayan isha'i, sai na ji sallama. Wata mata ce da goyo, zaninta na ɗigar da ruwa mai sanyin ƙanƙara, duk zafin garin nan.

Ta ce, "Malam Muttaka, mun sha hanya."

Ta juyo mini da goyon. Fatar kansa ta saluɓe, tana ƙamshin shayin nan.